Ɗora wa kwamfuta Windows ko Linux: ina sauƙin yake, ina tarkon yake?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaron da ya saba aikawa kowane wata, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Hanyar da ya nuna wa mutane ita ce su koma Windows 11, ita kuwa tana da sharuɗɗa: RAM gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, guntun tsaro na TPM 2.0, da furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD daga Ryzen 2000. Da yawa daga cikin laftof na hannu da suka cika shaguna daga Kano zuwa Maraɗi, irin su HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7450 da ThinkPad T450, zubi na biyar ne ko na shida. Lafiyarsu ƙalau, amma a ƙa'idar Microsoft an wuce da su.

Shi ya sa tambayar da a da masu gyara kaɗai ke yi wa juna ta dawo bakin ɗalibai da masu shagon buga takardu: wace babbar manhaja mutum zai iya ɗorawa da kansa, ya ci gaba da aiki da ita ba tare da kullum yana kan hanyar kasuwa ba? Amsar da aka saba ji ita ce Windows ta fi sauƙi, Linux ta ƙwararru ce. Amma mafi yawan masu faɗin haka ba su taɓa ɗora Windows ba. Sun tarar da ita a ciki ne, ko mai shago ya sa musu kafin su biya. Haka Android take a waya, haka macOS take a kwamfutocin Apple: wanda ya ƙera na'urar ya riga ya zaɓi direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan na'urar, ya raba faifai, ya gwada komai. Linux kuwa galibi kan na'urar da aka ƙera domin wata manhajar ake ɗora ta, kuma mai ita ne ke yin aikin da hannunsa. In ana son adalci, sai a ba kowacce faifai wayam da filash guda, a ga yadda za ta kaya.

In aka yi haka, abin da ke fitowa fili shi ne kowace manhaja tana zuwa da nata zato game da mai ita. Wata tana zaton kana da intanet marar yankewa, wata tana zaton na'urarka sabuwa ce, wata tana zaton ka san abin da ake nufi da rabon faifai. Inda zatonta ya dace da halinka, sai ka ce tana da sauƙi. Inda ya saɓa, tambayar da ta rage ita ce: in ka kuskure, me za ka rasa, rabin awa ko takardun shekara biyar?

Kafin a taɓa kwamfutar

Wahalar farko ita ce sauke fayil ɗin manhajar, wanda ake kira ISO. Na Windows 11 ya haura gigabait 5, na Ubuntu 24.04 ya kusa 6, na Linux Mint 22 bai kai 3 ba; Ubuntu da Mint duk nau'o'in Linux ne. Ga wanda zai jawo shi ta wayarsa a gudun megabit 5 a daƙiƙa, gigabait 6 na cin wajen awa biyu da minti arba'in, in layi bai yanke ba ke nan. Ubuntu da Mint suna ba da hanyar torrent, wadda ke ci gaba daga inda ta tsaya, tana kuma duba kowane gutsure da ta sauke. Ga mai raunin sabis, wannan ya fi sauka ta burauza nesa ba kusa ba.

Fayil ɗin da ya sauka da rauni ba ya nuna alama sai an kai tsakiyar aiki, sannan ya tsaya da saƙon cewa an kasa kwafar wani abu. Ana gane shi tun da wuri da lambar SHA256 da masu manhajar ke wallafawa. A Windows, a buɗe Command Prompt, a rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. Haruffa da lambobi 64 za su fito. In ɗaya ya saɓa da na shafin masu manhajar, a sake saukewa.

Filash ya zama aƙalla gigabait 8, kuma na gaske. Akwai na jabu da aka rubuta wa 32 ko 64 a jiki alhali cikinsa bai kai ba. Yana karɓar duk abin da aka zuba masa, yana rubuta sabo a kan tsoho, ba ya ƙorafi. Ƙaramar manhajar H2testw tana tona asirinsa. Sannan ba jefa ISO ake yi cikin filash kamar waƙa ba, sai an rubuta shi da Rufus, ko balenaEtcher in Linux ce, kuma duk abin da ke cikin filash ɗin zai tafi. Masu kwafar fayilolin Windows da hannu sukan ci karo da wata iyaka: tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, shi kuwa install.wim na Windows ya fi haka. Rufus ya san yadda yake kauce wa wannan. Mai gyaran da ke yawo da manhajoji da yawa, Ventoy ya fi masa: sau ɗaya ake shirya filash, daga nan sai a riƙa zuba ISO iri-iri, a zaɓi wanda ake so lokacin tashi.

Rufus zai tambaye ka GPT ko MBR, kuma nan ne tarkon farko. Kwamfuta na da hanya biyu ta tashi: tsohuwa, wadda ake rubutawa Legacy ko CSM, tana tafiya da MBR, sabuwa, wato UEFI, tana tafiya da GPT. Filash ɗin da aka shirya domin UEFI kaɗai ba zai bayyana ba a kwamfutar da aka saita ta a Legacy. Laftof na hannu da yawa suna iya UEFI, amma wani mai gyara ya taɓa mayar da su Legacy don ya sa Windows 7, aka bar su haka. In za a share faifan gaba ɗaya, a koma UEFI da GPT. In za a haɗa manhajoji biyu a faifai ɗaya, dole sabuwar ta bi hanyar da tsohuwar ke kai, in ba haka ba ɗaya ba za ta ga ɗaya ba a jerin zaɓin tashi.

Maɓallin buɗe wannan jerin ma kowane kamfani da nasa: F9 ko Esc a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a Asus. A Acer ma F12 ne, sai dai sau da yawa a kashe yake, sai an shiga BIOS, wato saitin na'urar na kafin manhaja ta tashi, da F2 an kunna shi. Babu manhajar da za ta iya rage maka wannan matakin, domin a lokacin ita kanta ba ta tashi ba tukuna.

Gwaji kafin alƙawari

In akwai abu guda da ya sauƙaƙa ɗora manhaja fiye da kowane ado na allo, to shi ne iya tayar da ita daga filash a yi aiki da ita ba tare da an taɓa faifai ba. Knoppix, wata Linux wadda Klaus Knopper ya fitar a Jamus a shekarar 2000, ita ta yaɗa dabarar a faifan CD. Ubuntu ta haɗa gwaji da ɗorawa a faifai ɗaya tun 2006, Mint ta gaje ta. Windows ba ta da irin wannan a filash ɗinta na ɗorawa: ka share, ka sa, sannan ka san abin da ke aiki da abin da ba ya yi.

Gani ya kori ji, amma mutane da yawa suna ɓarnatar da damar. Suna ganin allo ya buɗe, sai su danna alamar ɗorawa. Kamata ya yi a ba shi minti goma sha biyar. A duba ko sunayen Wi-Fi na unguwa sun bayyana. A kunna sauti a lasifika, a sa abin kunne a ji ko ya koma can. A gwada maɓallan ƙara haske da rage shi, kyamara da makirfo, a rufe murfin laftof ɗin a buɗe a ga ko ta farka. A jona firintar da ake aiki da ita. Duk abin da ya yi aiki a nan zai yi bayan an ɗora. Abin da bai yi ba kuwa, ka san shi tun takardunka na nan daram. Jinkirin da za ka gani a wannan gwajin na filash ne, kada a ɗora laifinsa kan manhajar.

In allo ya yi baƙi ƙirin bayan tambarin farko, mafi yawanci katin hoto na Nvidia ne. Mint na da zaɓin compatibility mode a jerin tashinta, Ubuntu na da safe graphics. A shiga ta nan a ɗora, daga baya a sa direban Nvidia.

Faifai

Mai ɗora Mint tambayoyi kaɗan yake yi: harshe, tsarin madannai, ko a sa maka abubuwan kunna bidiyo da sauti, yadda za a yi da faifai, yankin agogo, suna da kalmar sirri. Duk cikinsu ɗaya ce ke iya jawo kuka, ita ce ta faifai. Sauran in ka kuskure za ka gyara bayan an gama. Manhaja mai sauƙi ita ce ta san wannan bambanci, ta wuce da sauri a inda babu haɗari, ta tsaya ta yi magana dalla-dalla a inda yake. Debian, wani nau'in Linux, tana yin tambayoyi fiye da haka, ciki har da wasu da sabon shiga bai san amsarsu ba, kamar sunan yankin sadarwa da kalmar sirrin root, wato babban asusun mai iko da komai. Arch kuwa, ita ma Linux ce, asalinta baƙin allo take ba ka ka rubuta komai da hannu, duk da cewa tun 2021 tana zuwa da mataimakin archinstall. Ba laifi ba ne, masu su wasu mutane suka nufa.

Zaɓin share faifai gaba ɗaya shi ne mafi sauƙi kuma mafi tsabta, amma yana nufin abin da ya faɗa. Mutane da yawa suna ajiye takardunsu a abin da Windows ke kira D, suna zaton wani faifai ne daban. Sau da yawa yanki ne na faifai ɗaya da C, kuma sharewa tare take kwashe su. Linux ba ta ma san C da D ba. Sunaye irin sda1, sda2 ko nvme0n1p3 take nunawa, sai da girman yanki ake gane wanne ne wanne. A rubuta girman kowane yanki a takarda tun ana cikin Windows.

Zaɓi na biyu, zama tare da Windows, shi ya fi jawo matsala, domin sai an matse yankin Windows an fitar da fili. Kamar matsar da iyakar gona ne alhali shuka na ciki. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar Windows ta matse kanta da Disk Management, a bar filin babu komai, mai ɗora Linux zai gan shi. Mint na neman aƙalla gigabait 20, amma masu ita sun ce 100 ya fi, kuma gaskiyarsu, 20 ba ta daɗewa take cika. Kafin nan a kashe Fast Startup, domin da shi Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya in an kashe ta, wani irin barci take yi, ta bar yankinta a kulle, Linux ta ƙi rubutu a ciki. In faifan MBR ne, ba ya ɗaukar manyan yankuna fiye da huɗu, kuma wasu laftof ɗin HP na zamanin Windows 7 sun zo da huɗun a cike daga kamfani. Mai ɗorawa zai nuna filin da ka fitar, amma ya ce ba ya amfanuwa.

A nan ne maganar wuta take shigowa. In aka ɗauke wuta ana cikin kwafar fayiloli zuwa faifai wayam, babu asara, a faro daga farko. In aka ɗauke ana cikin matse yanki, takardu na iya tafiya. In aka ɗauke ana cikin sabunta BIOS, kwamfutar ce kanta ke iya ƙin tashi sai an kai ta wurin mai na'urar rubuta guntu. Laftof ɗin da batirinta ya mutu, wadda caja kaɗai ke riƙe da ita, ba a yi mata waɗannan biyun na ƙarshe a kan wutar da ba a amince da ita ba.

Wani lokaci mai ɗorawa ba ya ganin faifan sam. Dalili galibi shi ne an saita shi a BIOS a kan RAID ko Intel RST maimakon AHCI. Canja shi zuwa AHCI yana warware wa Linux, amma Windows ɗin da ke ciki za ta tashi da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Maganin shi ne tun kafin a canja, a buɗe msconfig a zaɓi Safe boot, a sake kunnawa, a shiga BIOS a canja, a bar Windows ta tashi a haka ta ɗauki direban da ya dace, sannan a cire Safe boot ɗin. Kada a ɗauka Linux kaɗai ke da wannan ciwo: a laftof da yawa masu Intel zubi na sha ɗaya zuwa sama, filash ɗin Windows ma wayam yake nuna jerin faifai sai an kawo masa direban RST. Tsofaffin masu gyara sun san shi tun zamanin XP, lokacin da ake danna F6 a sa direban SATA daga fulofi.

Sai BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, wanda ya fi duk waɗannan haɗari domin shiru yake yi. Tun fitowarta ta 24H2, Windows 11 na rufe faifai da kanta a na'urori da yawa da zarar an shiga da asusun Microsoft, ta ajiye makullin ceto mai lamba 48 a cikin asusun. Taɓa Secure Boot, wato saitin da ke tantance manhaja kafin ta tashi, ko TPM a BIOS, ko canja hanyar tashi, na iya sa ta nemi lambar. In wani ne ya buɗe maka asusun a shago da imel ɗin da ba wanda ya riƙe kalmar sirrinsa, to takardun sun rufu ke nan, babu mai gyaran da zai buɗe su. Kafin a taɓa komai, a kwafe makullin a takarda, ko a dakatar da rufewar.

Akwai hanyar tsallake duk wannan babi. A cire tsohon faifan, a sa SSD sabo, wato faifai marar juyawa, mai inci biyu da rabi, ko M.2 in shi laftof ɗin ke ɗauka, a ɗora sabuwar manhaja a kai da zaɓin share komai. Tsohon a sa shi a ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiya. In sabon tsarin bai yi maka ba, sukuru kaɗan ne tsakaninka da inda ka baro. Ga kuma riba: a tsohuwar laftof mai faifai mai juyawa, SSD na kawo saurin da babu canjin manhajar da zai kawo shi.

Direbobi da intanet

Matsalar da ta fi ba sabon shiga haushi ita ce Wi-Fi ya ƙi aiki, direbansa kuma yana intanet. A Linux yawancin direbobi suna cikin ƙwayar manhajar tun asali, shi ya sa katin Intel da ke cikin yawancin ThinkPad, Latitude da EliteBook yake kamawa nan take. Masu gardama su ne wasu katunan Broadcom, irin BCM43142, da wasu na Realtek a ƙananan laftof masu araha. Mafita mafi kusa tana aljihunka: jona wayar Android da kebul, kunna raba intanet ta USB, Linux za ta ɗauke ta kamar wayar sadarwa ba tare da neman komai ba. Daga nan a buɗe Driver Manager a Mint, zai nuna direban da ya dace. Windows ma kan rasa direban Wi-Fi bayan sabuwar ɗorawa, don haka mai hankali yana sauke shi daga shafin kamfanin ya ajiye a filash tun kafin ya share.

Tarihin Debian ya nuna yadda shawara guda ke canja komai a nan. Shekaru da yawa faifanta na hukuma ba ya ɗauke da ƙananan manhajojin da katunan Wi-Fi ke buƙata, saboda ba a buɗe suke ba, kuma hakan ya saɓa wa aƙidarta. Sakamakon shi ne sabon shiga ya gama ɗorawa ya tarar babu intanet. A 2022 masu aikin suka kaɗa ƙuri'a, Debian 12 ta fito a Yunin 2023 da su a ciki. Allon ɗorawar bai canja sosai ba, amma wani babban dalilin da ya sa ake ce mata mai wuya ya kau.

Secure Boot ba sai an kashe shi ba don Ubuntu ko Mint na yanzu. Amma in za a sa direban Nvidia ko Broadcom, za a ce ka zaɓi wata kalmar sirri, da aka sake kunnawa shuɗin allo ya fito na 'yan daƙiƙu yana maganar MOK. Mutane kan tsorata su wuce shi, sai direban ya ƙi tashi ba tare da bayani ba. Enroll MOK ake zaɓa, a rubuta kalmar. Wannan allon tsarin madannan Amurka kawai ya sani, don haka mai laftof ɗin da ta fito daga Faransa, irin masu AZERTY da suka yawaita a Nijar, ya guji a, q, z, w da m a cikin kalmar, domin ba a wuri ɗaya suke ba.

Ita Windows 11 tana zaton kana da intanet tun a tsakiyar saiti, tana kuma neman asusun Microsoft kafin ta kai ka ga allon aiki. Rufus na iya cire wannan sharaɗin, har da na TPM da RAM, shi ya sa ake ganin Windows 11 a laftof zubi na huɗu. Tana aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba, kuma babbar sabuntawar shekara ba ta zuwa musu da kanta, sai an sake yi da hannu. Daga 24H2 ma, furosesa irin Core 2 Duo ba ya tayar da ita ko da an yi dabara. Mint da ake ɗorawa ba tare da intanet ko asusu ba, tana tashi da LibreOffice (madadin Microsoft Office), Firefox da abin kallon hoto da bidiyo a shirye. ChromeOS Flex ta Google ta fi su duka ƙarancin tambaya, amma faifan gaba ɗaya take sharewa, kuma kusan duk aikinta a intanet yake. Inda data ke da tsada, sauƙinta na rana ɗaya ne.

Bayan an gama ɗorawa

Ɗorawa aikin awa ɗaya ne, zama da manhaja na shekaru. Abu na farko shi ne wa ke da iko da sabuntawa. Windows na sauke nata da kanta, babban yana fitowa Talata ta biyu a kowane wata, kuma in ka jona ta da hotsifot ɗin waya ba ta san kuɗinka take ci ba sai ka shiga saitin wannan layin ka kunna Metered connection. Mint tana nuna ɗan garkuwa a ƙasan allo ta jira ka. Wannan ya fi daɗi ga mai lissafin data, amma wanda bai taɓa danna garkuwar ba zai shekara da ramukan tsaro a buɗe. A kantin manhajojin Mint kuma a lura da masu alamar Flatpak: ƙaramar manhaja kan jawo ɗaruruwan megabait na kayan da take dogara da su a karon farko.

Wajen zaɓen fitowa, lamba mafi girma ba ita ce mafi dacewa ba. Ubuntu na fitar da LTS, wato fitowa mai doguwar kulawa, a watan Afrilu duk shekara biyu, da kulawar shekara biyar. Na tsakani wata tara kawai ake kula da su. Mint 22 an gina ta kan Ubuntu 24.04, kulawarta har 2029. Mai RAM gigabait 4 ya ɗauki Mint ta Xfce ko MATE, masu allon aiki marar nauyi, ko da yake burauza mai shafuka goma a buɗe ita ce mai cin RAM, kowace manhaja ke ƙarƙashinta. Kwamfutar da ba ta wuce bit 32 ba kuwa ƙofofi sun kusa ƙare mata: Windows 11 ba ta da irinta, Mint ta bar ta tun fitowa ta 20.

Hanyar komawa baya ita ce ke bambanta manhajar da mutum ke sakewa da ita da wadda yake tsoron taɓawa. Timeshift a Mint yana ɗaukar hoton tsarin, in sabuntawa ta ɓata wani abu a dawo da na jiya, ko da kwamfutar ta ƙi tashi, ta filash ɗin da aka ɗora da shi. Don haka kada a goge filash ɗin a zuba fina-finai. A sani kuma Timeshift ba ya ajiye takardunka, tsarin kawai yake ajiyewa. Windows na da System Restore, amma sau da yawa a kashe yake sai an kunna, kuma damar komawa tsohuwar fitowa bayan babbar sabuntawa kwana 10 ce.

Ƙananan abubuwa ne ke gajiyar da mutum. Mai manhajoji biyu a Kano ko Zinder zai ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk lokacin da ya fito daga Linux, domin Linux na ajiye agogon na'ura a lokacin UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, Windows na karanta shi a matsayin lokacin gida. Na Kumasi ba zai taɓa lura ba, tun da Gana a kan UTC take. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yana daidaita su. In kuwa kwanan wata na komawa shekarun baya duk sanda aka cire caja, ɗan batirin CMOS ne ya mutu, kuma da kwanan wata na ƙarya shafuka masu tsaro da sabuntawa duk ƙi suke yi. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, Windows da Linux duk suna da tsarin madannan Hausa, ƙara shi kawai ake yi a saiti. Takardar Word da aka rubuta da Calibri takan zame a LibreOffice, shafi uku ya zama huɗu. Sa rubutun Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, da Caladea a madadin Cambria, yana tsayar da ita.

Firinta ta zamani mai Wi-Fi galibi Linux na ganinta ba tare da direba ba. Tsofaffin da suka riƙe shagunan buga takardu su ne aiki: HP LaserJet 1020 sai an sauke mata wani ƙarin fayil da ake tura mata duk sanda aka kunna ta, Canon LBP2900 kuma tana magana da wani tsari nata na CAPT wanda saita shi a Linux ke cin lokaci. CorelDRAW, Photoshop da Microsoft Office na kan kwamfuta ba su da na Linux. Inkscape da GIMP, madadin na zanen a Linux, suna aiki, amma mai zanen katin biki da kwastoma ke kawo masa fayil ɗin cdr na CorelDRAW kullum, ba a kyauta masa ba in aka ce ya koma. Gara ya ƙara kuɗi ya sayi na'ura zubi na takwas ya zauna a Windows 11, ko ya bar tsohuwar a Windows 10 ya raba ta da intanet.

Ɗalibi, malami ko ɗan jarida da aikinsa rubutu, burauza, bidiyo da Zoom ne, a kan ThinkPad ko Latitude mai katin Intel, Mint za ta ɗoru masa cikin ƙasa da awa ɗaya, da tambayoyi ƙasa da na Windows 11. Abin da zai rasa shi ne maƙwabci. A kowace kasuwar waya da kwamfuta akwai masu sa Windows ido rufe, masu Linux kuwa sai an nema, kuma wanda bai san ta ba maganinsa ɗaya ne ga kowace matsala, ya yi fomat. Don haka mai komawa Linux ya ajiye takardunsa a wuri na biyu kafin ya miƙa wa kowa kwamfutarsa, ya kuma koyi umarnin inxi -Fxz, wanda ke fitar da bayanin na'urar gaba ɗaya tare da ɓoye lambobin da suka shafe shi. Da wannan bayanin da ainihin saƙon kuskuren, harafi da harafi, ake neman taimako a wurin waɗanda suka sani.